Ƙofar garejina ta ƙi buɗewa: injin ne ya ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a wani gida a Abuja, garejin yana da irin ƙofar nan mai inji da ake buɗewa da rimot, ta ɗaga sama ta kwanta a ƙarƙashin silin. Shekaranjiya da dare muka ji wata ƙara daga garejin kamar an harba bindiga, muka leƙa ba mu ga komai ba. Da safe na danna rimot, injin ya yi gurnani, ƙofar ta ɗaga kamar taƙi ɗaya, ta tsaya, ta koma ƙasa. Na sa sabon batir, ba abin da ya canja. Motata tana ciki, akwai dai ƙaramar ƙofa ta cikin gida da nake shiga. Wani mai gyaran wuta ya ce injin ne ya ƙone, in sayi sabo. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi inji tukuna, kuma don Allah ka daina danna rimot ɗin. Injin da ya ƙone ba ya ɗaga ƙofa ko da taƙi ɗaya ne. Daga bayaninka, abin da na fi zato shi ne sifirin ɗin ƙofar ya tsinke, kuma ƙarar da kuka ji da dare ta tsinkewarsa ce.

Ka shiga garejin da tocila, ka tsaya a bayan ƙofar ka ɗaga kai. Daidai saman ƙofar za ka ga wani dogon bututun ƙarfe ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, da sifirin mai kauri, ɗaya ko biyu, a naɗe a jikinsa. Mai lafiya a matse yake tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya tsinke kuwa za ka gan shi ya rabu gida biyu, da giɓi a tsakani kamar faɗin yatsa uku, har kana hango bututun ta wurin. Sai ka dubi gefe da gefe: akwai igiyoyin ƙarfe guda biyu da suka sauko daga ƙarshen bututun zuwa gindin ƙofar. In ka tarar sun saki suna reto, ko ɗaya ta warware daga inda take naɗe a ƙarshen bututun, magana ta tabbata.

Mutane da yawa suna ɗauka injin ne ke ɗaga ƙofar, ba haka ba ne. Ƙofar ƙarfe ta garejin mota biyu takan haura kilo 70, wasu ma sun fi kilo 100. Sifirin ne ke ɗauke da wannan nauyin. Duk lokacin da ƙofa ta sauka yana ƙara murɗewa, in za ta tashi sai ya warware ya ja igiyoyin nan sama. Injin tamkar yaron da ke jan akalar raƙumi ne, kayan a bayan raƙumi suke. Yanzu da sifirin ya tafi, nauyin duka ya dawo kan injin, shi kuma an saita shi ya tsaya idan ya ji nauyi ya wuce kima, shi ya sa ƙofar ke ɗagawa kaɗan ta koma. In ka ci gaba da tilasta masa, ɗayan biyu: ko haƙoran giyar cikinsa su cinye, domin a injina da yawa na roba ne, ko fallen ƙofar na sama ya lanƙwashe a inda hannun injin ke riƙe da shi. A nan ne za ka kashe kuɗi da gaske.

Kuma ba laifin kowa ba ne ya tsinke. Sifirin na yau da kullum an yi shi ne ya yi buɗewa da rufewa kusan sau 10,000. Gidan da ke buɗe ƙofa sau 4 a rana zai kai wajen shekara 7, mai buɗewa sau 6 kuwa bai cika shekara 5 ba. Tsatsa tana rage masa kwana. Tunda a rufe ne yake cikin matsi mafi tsanani, yawanci yana tsinkewa ne ƙofa na rufe, mutane na barci. Da yake haya kake, ka ɗauki hoton giɓin ka tura wa mai gida ko wakilinsa kafin a taɓa komai, domin wannan tsufan kaya ne.

Inda zan ja kunnenka shi ne wurin gyara. Kada ka taɓa sifirin nan da kanka, kada kuma ka bar mai gyaran wuta ko mai walda ya gwada sa'arsa a kai. Ƙofa mai tsayin ƙafa 7 ana murɗa sifirinta kusan zagaye bakwai da rabi, da sandunan ƙarfe guda biyu da aka yi domin wannan aikin, waɗanda suke shiga ramukan bakin sifirin cif. Wanda ya cusa sukudireba ko guntun rodi, in ya suɓuce, ƙarfen zai dawo masa a hannu ko a fuska da ƙarfin da ke ɗaga ƙofar gaba ɗaya. In sifirin biyu ne, wanda bai tsinke ba har yanzu a ɗane yake. Haka nan ƙarafunan da ke kusurwoyin ƙasa, inda igiyoyin suka kama, ba a kwance notinsu. Walda kuma ba ta gyara sifirin, zafi yana kashe ƙarfen, zai sake tsinkewa a gefen wurin.

Ka nemi masu harkar ƙofofin gareji da get mai inji. Za ka gane wanda ya san aiki tun daga abin da ya fara yi: zai auna kaurin wayar sifirin, da faɗin cikinsa, da tsawonsa, ya duba ko na hagu ne ko na dama, domin ba a musanya su. Wanda ya zo da sifirin a hannu bai ga ƙofar ba, yana cewa ai duk ɗaya ne, ka sallame shi. Shawarata, in biyu ne a canja duka biyun. Tare aka ɗaura su, tare suka tsufa, na biyun ba zai daɗe ba. Idan ya gama, kafin ya haɗa injin, ka sa ya ɗaga ƙofar da hannu zuwa daidai ƙugu ya sake ta. In ta tsaya a wurin, aiki ya yi. In ta zube ƙasa ko ta zabura sama, da saura.

Batun fitar da mota, na fi son ka jira mai gyara ya zo. In kuwa ba makawa, to ka zare filogin injin, ka tabbata ƙofar tana ƙasa sarai, sannan ka ja jar igiyar nan da ke reto daga dogon ƙarfen silin, ita ce ke raba ƙofa da inji. Ka samu ƙarfafa uku ko huɗu su ɗaga tare, hagu da dama daidai, kowa ya kiyaye yatsunsa daga tsakanin fallayen. In ta kai sama a tokare ta da katako mai kauri a kowane gefe, a kawar da yara, wasu su ci gaba da riƙewa har motar ta fita. Saukewa ta fi ɗagawa haɗari, a yi ta a hankali da adadin mutanen da suka ɗaga. Amma in ka ga igiya ɗaya ta tsinke, ko ƙofar ta karkace, ko ɗaya daga ƙananan tayoyin da ke gefen ƙofar ta fita daga hanyarta, a bar ta yadda take. Jar igiyar nan kuma ba a jan ta ƙofa na sama alhali sifirin ya tsinke, gaba ɗaya za ta rikito.

To, in ka duba ka ga sifirin lafiya lau fa? Sai ka ja jar igiyar ka gwada ɗagawa da hannu. Idan ta tashi ba wahala, matsalar tana wajen inji. Wanda ke juyawa amma sarƙa ba ta motsi, musamman in ka ga farin gari kamar dusa a cikin murfinsa, giya ce ta cinye, kuma ana samun ta daban. Wanda ke gurnani kawai ba ya juyawa, sau da yawa kafasita ce, ƙaramin abu ne mai sauƙin canji. Wanda ya yi tsit, a duba soket da fis, sannan allon cikinsa, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke tana lalata shi. Ina ba kowa shawarar sa masa sitabilaiza. Ka kuma karanta takardar da ke manne a jikinsa: injinan da aka yi wa Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce, ba sa zama lafiya sai da taransfoma. Akwai kuma sakata, ka tabbata wani a gidan bai zura ta ba.

Wataƙila wani ya ce maka matsalar daga ƙananan na'urorin nan biyu masu kama da ido da ke gindin ƙofar take. Su aikinsu hana ƙofa rufewa a kan yaro ko mota, tun 1993 dokar Amurka ta wajabta irin wannan kariya a sababbin injina. In ƙurar hunturu ta rufe su ƙofa takan ƙi sauka, amma ba su hana ta tashi.

Bayan an gyara, ka riƙa fesa wa sifirin da maɗaurai da tsakiyar tayoyin man silikon ko farin giris na feshi sau biyu a shekara. Hanyar da tayoyin ke bi kuwa tsumma kawai take so. Kada a shafa mata giris ko baƙin mai, da ƙura ta sauka a kai sai ya zama taɓo ya riƙe tayoyin.