Tambaya da Amsa: Wai me ake yabo a tsohon fim ɗin Godzilla?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Na je wajen masu turi a Sabon Gari na ce a sa min Godzilla, sai yaron ya haɗa min da wani tsoho baƙi da fari wai shi ne na asali. Wallahi saura kaɗan in goge, an yi kusan minti 20 ana ta surutu ba dodo, da ya fito kuma kamar mutum a cikin riga, ga shi ba ekta ba bos, ƙarshe kowa ya yi jugum. Dan Allah me ake yabo a ciki?
Mai karatu daga Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka goge, yaron nan bai cuce ka ba. Idonka ma bai yi ma ƙarya ba, mutum ne a cikin riga, sunansa Haruo Nakajima, rigar kuma ta kai kusan kilo 100, wato kamar a ɗora ma buhun masara a kunna ma fitilu masu zafi a ce toh taka gidaje. Minti kaɗan yake iyawa a zaro shi sharkaf da gumi. Mai haɗa dabarun, Eiji Tsuburaya, so ya yi a bi hanyar King Kong na 1933, a riƙa motsa ɗan mutum-mutumi kaɗan-kaɗan ana ɗauka, da aka lissafa aka ga aikin shekaru ne, kamfanin Toho na Japan da ya shirya fim ɗin kuma ba su da wannan lokacin, shi ne aka gina ƙaramin birnin Tokyo da gadoji da turakun lantarki, ana ɗauka da sauri a haska a hankali don takun ya yi nauyi. Kukan dodon ma ba na wata dabba ba ne, mai kiɗan fim ɗin Akira Ifukube ne ya sa aka goga safar hannu ta fata a kan tsirkiyar wani ƙaton goge na Turawa.

Amma duk wannan a gefe yake. Duba shekarar, 1954, shekara 9 kacal da jefa bam a Hiroshima da Nagasaki. Ran 1 ga Maris na shekarar Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, mutum 23 a ciki, duk suka dawo ba lafiya, mai kula da rediyon jirgin ya rasu a watan Satumba, mutane suka riƙa tsoron kifin kasuwa. Ran 3 ga Nuwamba fim ya fito, da me ya buɗe? Jirgin ruwa, ma'aikata na hutawa ana kiɗa, sai wani haske ya tashi daga teku ya cinye su. Wanda ke zaune a silima ranar ba sai an yi masa fassara ba. Darakta Ishiro Honda tsohon soja ne, ya ratsa ta Hiroshima a hanyarsa ta dawowa daga Sin, dodon nan bam ne aka yi wa ƙafafu.

Batun jinkiri kuwa, tuna yadda kaka ke yi mana tatsuniya a tsakar gida. Ai ba ta fara da ga Dodo nan haƙoransa kaza, sai dai ta ce yarinya ta je rafi ba ta dawo ba, wata ta bi sawu ita ma shiru, kafin Dodon ya iso kowa ya maƙale a jikin ɗan uwansa. Haka aka yi a nan. Jirage na ɓacewa, kifi ya ƙare, wani tsoho a tsibirin Odo ya ambaci sunan Godzilla aka yi masa ba'a, sai takun ƙafa cikin dare da ruwan sama, sannan kai ya leƙo ta bayan tudu. Finafinan dodanni da yawa na Japan wannan layin suka bi daga baya, har da zaman masana da taron ƴan majalisa da sojojin da harbinsu ba ya cas ba ya as.

Ekta kam babu, da gangan. Farfesa Yamane ba ya ma son a kashe dodon, so yake a bincika yadda ya rayu cikin gubar bam. Serizawa, wani masanin kimiyya mai ido ɗaya daga yaƙi, shi ke da makamin da ke ƙwace iskar shaƙa daga ruwa, kuma tsoronsa kar ƴan siyasa su ga makamin, don haka ya ƙone takardunsa, ya nutse da makamin, ya yanke igiyarsa da kansa. Wa zai yi tafi a nan? Soyayyar ciki ce dai ni ban ji ta ba, Emiko ƴar Yamane an yi mata baiko da Serizawa zuciyarta na wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa Ogata, ƴan Kannywood sun fi su iya wannan nesa ba kusa ba.

In ka sake kallo tsaya a wuri biyu. Wata uwa a rakuɓe jikin gini da ƴaƴanta, wuta ta kewaye su, tana ce musu yanzu za su je wajen babansu. Sai asibiti washegari, mutane kwance a ƙasa, likita ya kara wa wani yaro na'urar auna gubar nukiliya ta kama ƙara, yaron ko bai san me ake ciki ba. Ni a nan na ajiye wayar na ɗan fita waje.

Sai dai ka duba wanne aka tura ma, don iri biyu ne ke yawo. A 1956 Amurkawa sun yanke shi, suka cusa ɗan wasansu Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, suka rage maganar bam sosai. Na asalin minti 96 ne, da Japananci. In ka ga Bature da lofe a baki yana ba da labari toh koma Sabon Gari yaron ya canza ma, kuma ka kalla da iyafis cikin dare, don sifikar waya ba ta fitar da takun nan.