Na Tara Bayanai, Amma Rubutun Kundina Ya Ƙi Tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, kuma batun kundina shi ne yadda matan aure suke gudanar da adashi a unguwarmu. Na yi hira da iyayen adashi da masu zubi, na cika littafi da bayanai, amma duk lokacin da na zauna domin rubuta babi na ɗaya sai kaina ya kulle, in rubuta layi biyu in goge. Lokacin miƙa aiki ya matso, har wata ƙawata ta ba ni shawarar in biya kuɗi a rubuta mini. Mene ne abin yi? Daga wata ɗaliba a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da ya same ki ba alamar rashin basira ba ne, kuma yana da dalili sananne. Tun daga sakandare, rubutu mafi tsawo da aka horar da ke a kansa shi ne insha'in Turanci na jarrabawar WAEC, wanda ake neman kalmomi 450 a cikin ƙasa da sa'a guda. A jami'a ma yawancin abin da kika rubuta amsar jarrabawa ce, wadda ake yi a zama ɗaya ba tare da an koma an gyara ba. Yanzu kuma an ɗora miki babi biyar, ke kuwa kina ƙoƙarin yin su da waccan tsohuwar dabara, wato kowace jimla ta fito daidai tun karon farko. Kundi ba ya rubutuwa haka.

Kuskure na farko da nake gani a wasiƙarki shi ne wurin da kika fara. Babi na ɗaya shi ne farko a wurin mai karatu, amma shi ne mafi wuya a wurin marubuci, domin gabatarwa ce ga aikin da bai riga ya samu ba. Ki ajiye shi tukuna. Ki fara da babi na uku, inda za ki bayyana hanyoyin da kika bi: unguwar da kika zaɓa da dalilin zaɓenta, yadda kika sami shiga gidajen, matan da suka amsa da waɗanda suka ƙi, da tambayoyin da kika yi musu. Babu wanda ya fi ki sanin wannan, kuma ba kya bukatar buɗe littafin kowa kafin ki rubuta shi.

Daga nan ki wuce babi na huɗu, inda za ki kawo abin da kika gano, kuma a nan nake so ki tsaya sosai, saboda a nan darajar aikinki take. Kin yi hirarrakin da Hausa, kina tunanin adashi da Hausa, amma kina tilasta wa kanki fitar da tunanin cikin Turancin ilimi kai tsaye, wato kina yin aiki biyu a lokaci guda. Ki raba su. Ki zaunar da ƙanwarki ko ƙawarki, ki kunna rikoda a wayarki, ki ba ta labarin abin da kika gano kamar kuna hira a tsakar gida: yadda uwar adashi take jera sunaye, wa ake bai wa ɗibar farko da dalilin haka, abin da ake yi wa wadda ta kwashi nata sannan ta daina zubi, da yadda biki ko suna yake sa a yi musayar layi. Za ki ji bakinki yana faɗin abin da hannunki ya kasa rubutawa. Ki saurara, ki rubuta shi yadda ya fito, ko da Hausa da Turanci sun cakuɗe, kada ki goge komai a wannan zama. Washegari sai ki dawo da idon gyara. Magini ba ya yaɓe sai ya gama jera tubali.

Babi na biyu, wato bitar abin da masana suka riga suka rubuta, yakan tsorata ɗalibai don suna zaton babu wanda ya taɓa rubutu a kan batunsu. A naki batun akwai. Masani William Bascom ya yi rubutu a kan esusu, wato adashin Yarbawa, a 1952, Clifford Geertz ya yi nazarin irin wannan tsari na zubi da ɗiba a 1962, Shirley Ardener kuma ta faɗaɗa kwatancen a 1964. Abin da muke kira adashi shi ne Nijar da Kamaru suke kira tontine da Faransanci. Duk abin da kika karanta, ki rufe shi ki rubuta jimla uku da kalmominki, tare da sunan marubucin da shekara a take, domin neman su daga baya yana cinye lokaci.

Game da shawarar ƙawarki, ina roƙon ki kada ki karɓa. Ban da kasancewarta ha'inci da ke iya jawo hukunci mai tsanani, wanda zai rubuta miki bai taɓa zama da matan da kika zauna da su ba, don haka abin da zai haɗa miki kwafe-kwafe ne daga intanet. Ranar kare kundi kuwa ke za ki tsaya gaban malamai, kuma tambaya ɗaya a kan shafin da ba ki san asalinsa ba ta isa ta tona komai. Yana yi mini ciwo in ga ɗalibar da ta sha ranar tattara bayanai ta jefar da su a matakin ƙarshe.

Akwai kuma malamin da yake duba aikinki, wanda ban ji kin ambace shi ba, kuma ina zaton kina guje masa ne don ba ki da abin nunawa. Ki je masa da shafi uku ko huɗu na babi na uku a cikin wannan mako, ki faɗa masa cewa daftarin farko ne, sannan ki nemi ya sa miki ranar da za ki kawo babi na huɗu.