Ku Tambayi Inna: Jaka Ashirin, Yara Uku, Ga Sallah Ta Matso

Tambaya: Assalamu alaikum Inna. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi, ina zaune unguwar Ali Ɗan Sofo. Yayata tana da ɗiya uku, kuma tun rasuwar mijinta ni nake tsaye a kansu. Babbar tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, shekararta 12. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara 8, yana CE1, wato aji uku na firamare. Autan bai cika uku ba. Kayan sallah suna wurin tela. Na ware jaka ashirin don in yi musu tsaraba ta daban, wadda za ta ƙara musu ilimi. Bara bindigar roba da mota mai batir na saya, ko yawon sallah ba a gama ba suka zama tarkace. Bana wani abokina ya ce in sayi ƴar kwamfutar yara mai magana, wani kuma ya ce in haɗa kuɗin in saya musu waya guda. Me kike gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mijin yayarka, kai kuma ya ba ka ladan riƙon marayu.

Kwamfutar nan mai magana na san ta farin sani. Shekara talatin da ɗoriya na yi da alli a hannu, galibi a CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, kuma a shekaruna na ƙarshe duk bayan sallah sai wani yaro ya ɓoyo ta ya shigo da ita aji. Yawancin waɗanda na gani ta Ɗan Isa, bakin iyakar Najeriya, suka shigo, an yi su ne don ƴaƴan masu Ingilishi. Ka danna E ta ce maka "ii". A wurin mushe kuwa, wato malamin aji, da Faransanci da Hausa duka, "ii" sunan I ne. Yaron da wasula ba su gama zama a kansa ba, ka ba shi malamai biyu masu ƙaryata juna. Akwai wata yarinya da na kwashe mako biyu ina kwance mata wannan ƙullin. Ko ka dace da mai Faransanci ma, ita ke tambaya, ita ke ba da amsa, ita ke tafi, yaro nasa danna maɓalli ne kawai. Ranar da batir ya mutu an tashi daga karatu.

Waya guda ga yara uku kuwa, rabon faɗa ka saya wa yayarka. Ka bar wannan.

Bari in fara da ɗan CE1, don nasa ya fi arha kuma ya fi daɗin bayani. Yaron Maraɗi yana lissafin da bai san yana yi ba. A aike shi da dala ashirin, ya san kwabbon da aka rubuta wa 100 zai miƙa. Dala hamsin 250 ce, dala ɗari 500, jaka 1000. Kullum yana ninkawa da biyar a bakin tebur ɗin mai shago, amma a rubuta masa 20 x 5 a allo sai ya yi tsuru-tsuru yana kallon rufi. Ban taɓa daina mamakin wannan ba. To ga sallah, ga kuɗin barka da sallah za su shigo aljihunsa. Ka saya masa asusu na ƙasa, da kaye guda, wato littafin rubutu, da bik. Duk abin da zai jefa, ya rubuta shi gida biyu: hagu da dala, dama da sefa, da kwanan wata da wanda ya ba shi. Ku sa ranar fasawa, misali jajibirin komawa lakwal. Ran nan ya fara haɗa jimillar kayensa, ya faɗi nawa yake tsammani, sannan a fasa a ƙirga. In bai yi daidai ba, kada ka gaya masa inda ya ɓata, bar shi ya nemo. Ka kuma ja wa uwarsa kunne cikin ladabi, kada kuɗin gishiri ya yanke mata ta soke asusun da tsinke.

Ka haɗa masa da dara. Na san za ka ce wasan dattawa ne na gindin bedi, kuma wasu iyaye sun ɗauke ta aikin zaman kashe wando. Ni dai ban ga abin da ya kai ta koya wa yaro ya yi tunani kafin ya miƙa hannu ba. Gurbi 30 ne, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, kana neman jera uku ka ci na abokin karawarka, shi ma yana neman toshe ka. Dole yaro ya riƙa hango abin da wancan zai yi in shi ya matsa nan. A ƙasa ake haƙa ta ba ko dala, amma tun da tsaraba ce, ka sa kafinta ya fafe maka a katako don ta zama tasa ta kansa. Sai dai dara ba a yin ta mutum ɗaya. In ka san ba za ka riƙa zuwa ko ranar Juma'a da la'asar ka zauna ku buga ba, kada ka wahalar da kafinta. In kun zauna kuma kada ka riƙa sakar masa ci da gangan, yara suna ganewa kuma suna jin haushi.

Ƴar CM2 ita ce za ta ci kaso mafi tsoka a kuɗinka, kuma ya dace, don tana bakin shiga siziyam, ajin farko na kolej. Abu na farko fitila mai cajin hasken rana. Yarinya a shekarunta ba ta samun zama da littafi sai bayan isha'i, an gama wanke-wanke da shara, lokacin kuma in an ɗauke wuta shi ke nan. Ka sa a kunna maka ita a shagon, ka ga ƙarfin haskenta da idonka, kuma ka faɗa a gaban kowa cewa tata ce. In ba haka ba kwana uku za ka tarar da ita a madafa. Na biyu ƙaramin ƙamus na Faransanci. Ko na hannu ne ba laifi, muddin shafukansa sun cika. A kolej malamai da yawa ne, kowa da darasinsa, ba mai tsayawa ya fassara mata kowace kalma. In da saura, ka nemo mata littafin labari na Hausa, amma ka karanta shafi biyu-uku kafin ka biya, domin da yawa daga waɗanda ke kan tebura na soyayya ne na manya. Kada wani ya ce maka karatun Hausa zai ɓata mata Faransanci. Yaron da ya saba bin labari har ƙarshe da harshen da yake mafarki da shi, shi ne ke jure dogon rubutu a kowane harshe. Balle tun 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa a Nijar.

Akwai abu ɗaya na su duka: taswirar Nijar, a manna a bangon ɗaki daidai tsayinsu, ba can sama kusa da agogo ba. Su nemo jihohi takwas, su nemo ƙasashe bakwai da muke iyaka da su, daga Najeriya har Aljeriya da Libiya. Su sa yatsa a Madarunfa, su bi hanya zuwa Tasawa, su ga nisan Dakoro, su ga inda kayan shagonka ke fitowa.

Auta kuwa, ka kiyaye kafin ka burge. Duk abin da zai shige bakinsa ba nasa ba ne: duwatsun dara, kwabbai, idon ƴartsana mai ɓallewa, musamman ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga. Wannan in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin ƴan awoyi, asibiti ake nufa nan take ba a jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallon allon waya ko talabijin ya wuce masa awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Ka roƙi kafintan nan guntayen katako manya-manya, ya goge su sumul ba tsini ba fenti. Ka ƙara da ƙwallo da ƙoƙuna uku masu shiga cikin juna. Zai jera, ya rushe, ya cika da ƙasa, ya zubar, ya sake. Karatun shekarunsa ke nan.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa. Tsarabar da ta fi koya mini abu a duniya ba a shago aka saye ta ba. Ina shekara tara kawuna ya jawo ƴar jar akuya da igiya ya damƙa mini, irin tamu ta Maraɗi da ake yabo saboda fatarta da yawan haihuwar tagwaye. A kanta na koyi ƙirga watanni, don ciki wata biyar take yi, kuma ni na riƙa zana kwanakin da gawayi a bangon zaure. A kanta na san farashin harawa da dusa yana hawa da bazara, na san abin da ake nufi da riba, na kuma san asara ranar da ɗaya daga ƴaƴanta ya ci leda ya mutu. Na yi kuka kamar an yi mini rasuwa. Kuɗin kayena na kolej daga jikokinta suka fito. Jaka ashirin ɗinka ba za ta ɗauki akuya da sauran kayan nan ba, kuma sai gidan yana da wurin ɗauri. Amma ka ajiye maganar a ranka zuwa bayan babbar sallah, in kasuwar dabbobi ta sauka, ka shawarci yayarka tukuna tun da ita za ta sha kukanta da dare.

Bindigar roba mai harsashi kada ta sake shiga gidan, ko wani ne ya kawo. Na ga yaron da sallah ɗaya ta raba shi da ido.

Wurin kafinta kuma yau za ka je, ba jibi ba. In sallah ta matso su ma halinsu ɗaya da teloli.