Tambaya da Amsa: Mon Mothma, Sanatar da Ake Cewa Baki Kawai Gare Ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da ƙanena ɗan shekara 17 muna bin finafinan Star Wars tun yana firamare, ni ce ma na koya masa kallonsu. Tun da muka gama Andor, shirin Star Wars mai dogon zango, muke gardama a kan Mon Mothma, sanatar da ta zama shugabar 'yan tawaye. Ya kafe cewa munafuka ce: tana zaune a katafaren gida a babban birni Coruscant tana liyafa da manyan Daula, gwamnatin kama-karyar da ake wa tawaye, wasu na mutuwa a daji, ta sayar da 'yarta saboda kuɗi, a ƙarshe kuma ita aka ɗora a shugabanci. Kullum sai ya turo min gajerun bidiyo masu cewa Saw Gerrera, jagoran wasu mayaƙa, da Luthen, mai ƙulla tawaye a ɓoye, su ne 'yan tawayen gaskiya, wai ita Disney ce ta ƙirƙira mata muhimmanci daga baya. Abin da ya tayar min da hankali shi ne maganar ta fara fita daga fim. Yanzu cewa yake duk ɗan siyasa haka yake, bindiga ce kaɗai ke gyara ƙasa. Da gaske an canza matar nan ne? Me zan ce masa? Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Tunda kun gama kallo, zan yi magana a buɗe. Wanda bai gama ba ya dakata nan, kada ya ce na ɓata masa labari.

Batun Disney ba ya buƙatar dogon zance. Mothma ta fara bayyana a Return of the Jedi a 1983, Caroline Blakiston ce ta fito a matsayinta, fitowa ɗaya tak, sanye da fararen kaya, tana yi wa mayaƙa bayanin harin Endor. Duba wa ke tsaye a ɗakin: Ackbar da Madine, manyan hafsoshi, amma ita ce ta buɗe taro, su suka biyo baya. Ke nan tun ranar farko an nuna cewa farar hula ce ke saman masu kaki. George Lucas ya ɗauki Genevieve O'Reilly ta fito a matsayin Mothma tana matashiya a Revenge of the Sith na 2005, aka ɗauki fitowar da take zama da sanatoci Padmé da Bail Organa suna ƙulla yadda za su taka wa Palpatine, shugaban da ya koma sarkin Daula, burki, sai dai an yanke su wajen tace fim. Disney kuwa sai a 2012 ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke yin Star Wars. Shekara 7 ke nan tsakani. Wanda ya ce Disney ta ƙirƙira mata matsayi, lissafi ma ya kayar da shi. Abin da ya faru daga baya cike gurbi ne: O'Reilly ta dawo a Rogue One a 2016, ta ba da murya a katun ɗin Rebels a 2017, sannan Andor a 2022 da 2025, da Ahsoka a 2023. Mace ɗaya ce, ɗakunan gidanta ake ta buɗe mana ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai an turo min shi, ƙanenki ba shi ne na farko ba: wai ɗan tawaye shi ne mai riƙe da bindiga, duk wanda ba ya harbi ɗan cin banza ne. Kwanaki na tsaya a wani shagon masu tura finafinai a waya, wani yaro ya miƙo min tasa, fuskar wayar duk ta tsage, ya ce in kalla. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Mothma ce ke juyi tana rawa a bikin 'yarta, an ɗora wani kiɗa daban, an rubuta a sama cewa ga uwar da ta sayar da 'ya tana murna. Na tambaye shi me ya faru kafin rawar. Bai sani ba. Bai kalli kashi ko ɗaya ba, amma ya riga ya yanke hukunci har yana wa abokansa fatawa. Waɗannan masu taƙaita fim, da ke matse zango biyu, kashi 24, cikin minti goma don a danna musu, su ne bokayen wannan fage. Sai su ɗauko ganye ɗaya su ce maganin komai ne.

To, me ya faru kafin rawar? A kashi na 3 na zango na biyu, kafin a ɗaura auren, Mothma ta keɓe da 'yarta Leida ta ce mata in ba ta so, a fasa yanzu, ita za ta ɗauki abin kunyar. Yarinyar ta watsa mata ƙasa a ido. A bikin nan kuma Tay Kolma, abokinta na ƙuruciya, ma'aikacin bankin da ya rufa mata asiri, ya shiga matsin kuɗi ya fara magana mai kama da neman toshiyar baki. Luthen ya ji, ya ce dole a kare Mothma. Ta san me wannan ke nufi a bakin Luthen. Tay ya shiga mota, direban da ke jiransa Cinta ce, ma'aikaciyar Luthen, ba a sake ganinsa ba. Bayan wannan ne ta kurɓi giya ta shiga fili. Mace ce da ta rasa 'ya da amini a wuni ɗaya, ba ta da damar yin kuka a gaban baƙi. Duk wanda ya kalli fuskar O'Reilly a wurin ya kira ta murna, idonsa yake buƙatar magani.

Ban ce ta kuɓuta daga laifi ba. Ta san Davo Sculdun, attajirin da ta nemi ya rufe mata giɓin kuɗi, ɗan damfara ne mai rigar mutunci. Ta san abin da yake nufi da ya ce a haɗa ɗansa mai shekara 14 da 'yarta mai 13. Ita kanta an yi mata auren al'adar duniyarsu Chandrila tana 15, ta san ɗacinsa, ga mijinta Perrin nan a gida shaida. Ta ƙi da farko, daga baya ta yarda. Amma a tambayi kuɗin me ake magana. Ba gwal ta saya ba. Giɓin kiredit 400,000 ne a asusun danginta, kuɗin da ta zurara wa tawayen, masu binciken Daula kuma na dab da ganowa. In suka gano, ita za a fara kamawa, sai duk wanda zaren ya kai gare shi. Har ƙarya ta ƙulla wa mijinta a cikin mota, ta zarge shi da komawa caca da ƙarfi don direbanta Kloris, ɗan leƙen asirin ISB, hukumar tsaron Daula, ya ji ya kai rahoto, a ɗauka can kuɗin suka tafi. Wannan aiki ne mai datti, kuma fim ɗin bai wanke mata shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce ba ta biya komai ba.

Ki tambayi ƙanenki: jirgi da man jirgi da abincin mayaƙa, daga sama suke faɗowa? Kafin fashin kuɗin Daula da 'yan tawaye suka yi a Aldhani, shi Luthen ɗin da yake yabo, wa yake wa ƙorafi cewa kuɗi sun yanke? Ita ce ke zuwa shagonsa na kayan tarihi da sunan sayen kyauta, mataimakiyarsa Kleya ta ɗauke hankalin direba, su shige ciki su yi magana ƙasa-ƙasa. Liyafar da yake ganin holewa ce, nan ne fagen dagarta. Ta faɗa wa Tay da bakinta cewa da gangan take barin su ɗauke ta a matsayin 'yar hayaniya mai surutun agaji, domin muddin suna kallon wannan ba za su ga abin da take yi a ƙarƙashi ba. Shiru-shiru ba tsoro ba ne.

Sai mu juya ga gwanayen nasa. Saw Gerrera jarumi ne, ba na musu, ya fara yaƙi tun zamanin Clone Wars a Onderon, ya rasa 'yar'uwarsa Steela a can. Amma bi shi zuwa ƙarshe. A Andor ya ƙi haɗa kai da kowa, yana lissafa sauran ƙungiyoyi yana kushe su ɗaya bayan ɗaya. Ya harbe mutuminsa a gaban jama'a bisa zargin leƙen asiri. A Rogue One, direban jirgin Daula Bodhi Rook ya gudo da saƙon da zai ceci kowa, Saw ya sa aka azabtar da shi saboda ba ya yarda da ko inuwarsa. Mutanensa suna musayar wuta a tsakiyar titin Jedha, yarinya ƙarama na tsaye tana kuka har sai da Jyn, jarumar fim ɗin, ta ɗauke ta. Ya mutu a kogo da 'yan tsirarun mabiya. Luthen kuwa ya bar Anto Kreegyr da mutanensa kimanin 30 suka faɗa tarko yana sane, don kare ɗan leƙen asirinsa Lonni, daga baya shi ma Lonnin ya kashe shi da hannunsa. Kuma abin da masu yanka bidiyo ba sa sakawa: Luthen da kansa ya san ba shi ne zai shugabanci abin da yake ginawa ba. Ya faɗa ƙarara cewa ya ƙona rayuwarsa don wayewar garin da ba zai gani ba. Shi ne ya tura Cassian, jarumin Andor, ya fito da Mothma daga majalisa da ranta. Mutumin da ƙanenki ke ɗauka kishiyarta ne, shi ya fi kowa sanin cewa in babu ita, aikinsa kashe-kashe ne kawai.

Dalilin a fili yake. Kafin shekara biyu gabanin yaƙin Yavin na fim ɗin 1977, babu wani abu mai suna Ƙawancen 'Yan Tawaye. Ƙungiyoyi ne a warwatse, kowa da kiɗansa, har a farkon zango na biyu mun ga wasu a daji suna harbin junansu saboda gardamar shugabanci, yunwa na cinsu. Daula ta yi kisan kiyashi a Ghorman don ta haƙi ma'adinin da take buƙata wa Death Star, makamin tarwatsa duniyoyi, ta sa kafafen labarai suka ce mutanen Ghorman ne 'yan ta'adda. Washegari majalisa ta cika da masu jinjina wa sojojin da suka mutu. Bail Organa ya yi dabarar doka ya miƙa mata damar magana. Ta tashi ta kira abin da sunansa, ta ambaci Palpatine, ana ihu, ana ƙoƙarin katse watsa shirin. Daga wannan minti ba ta da gida, ba ta da kujera, ba ta da iyali. Rebels ya ɗora daga nan, duk da ya riga Andor fitowa da shekara 8: Hera, matuƙiyar jirgin 'yan tawaye, da mutanenta suka tsallakar da ita daga hannun Thrawn, babban hafsan Daula, ta yi kira a saman Dantooine, aka yi jim, sai jirage suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Da Saw ne ya yi kiran, wa zai zo? Tsintsiya ce, ita ce maɗaurin.

Akwai inda zan ba ƙanenki gaskiya, ki faɗa masa na ce haka. A Rogue One, da Jyn ta roƙi a kai hari Scarif don ɗauko zanen Death Star, majalisar tawaye ta rabu, Mothma ta ce ba za ta ba da umarni ba tare da amincewarsu ba. Da Jyn da Cassian da kwamandan jirage Raddus ba su yi gaban kansu ba, da an rasa komai. A Ahsoka ma, tana shugabar Sabuwar Jamhuriya, Hera ta zo da gargaɗin dawowar Thrawn, sanatoci irin su Xiono suka yi mata dariya, Mothma ta ji a jikinta gaskiya ce amma ta bar kwamiti ya ɗaure mata hannu. Ni kaina wannan fitowar ta ba ni haushi, na tsani shugaban da ke ɓuya a bayan tsari. Sai dai ki lura da inda raunin ya fito. Ta ga da idonta yadda aka miƙa wa mutum ɗaya ikon gaggawa da tafi, da sunan tsaro, ya wayi gari sarki. Shi ya sa take tsoron zama mai faɗa a ji ita kaɗai, har tsoron ya yi mata yawa. A soke ta a kan wannan, zan sa hannu. Munafunci kuwa wani abu ne daban.

Na san kalmar sanata a kunnenmu ba ta da daɗin ji, kuma ba Star Wars ya jawo hakan ba. Yaro ɗan 17 da ya taso yana ganin abin da yake gani, ba abin mamaki ba ne ya ji haushin masu babbar riga. Kada ki yi masa faɗa a kan haushin. Inda ya zame shi ne tsallen da ya yi daga "waɗannan sun gaza" zuwa "a ba mai bindiga". Ai labarin da yake kafa hujja da shi, farkonsa ke nan: jama'a sun gaji da majalisa mai surutu da cin hanci, aka samu mai ƙarfi ya ce a ba shi dama ya gyara, aka ba shi sojoji. A fim ɗin 1977 muna ji Tarkin, babban jami'in Daula, ya shigo ɗakin taro yana sanar da cewa an rushe majalisar gaba ɗaya, tsoro ne zai riƙe duniyoyi daga yanzu. Bai daɗe da faɗa ba ya tarwatsa Alderaan, duniyar da Gimbiya Leia ta ce ba ta da makami. Yaranmu su riƙa kallo har ƙarshe kafin su ɗauki darasi, iyaye da yayye kuma mu daina barin wani mai neman mabiya a TikTok ya zama malaminsu na siyasa.

Ki bar gardamar baki, gani ya kori ji. Ku zauna tare, waya a kife, ku sake kallon kashi na 7 da na 10 da na 12 na zangon farko, sai na 3 da na 8 da na 9 na zango na biyu, ku rufe da kashin Rebels na Dantooine a zango na uku. Idan an zo inda take zaune a bayan mota tana kwance maɓallin wuyan rigarta don ta samu ta numfasa, Kloris na gaba yana kasa kunne, ki tsayar da fim ɗin. Ki tambaye shi, da shi ne a kujerar nan da giɓin 400,000 a wuyansa, me zai yi kafin gari ya waye. Kada ki taya shi amsa.