Malam, da gaske ne Betaljus zai fashe ya ƙone mu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Funtuwa. Mako biyu ke nan ɗalibaina sun hana ni sakat saboda wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp da TikTok, wai jan tauraron nan Betaljus ya kusa fashewa, za a ga rana biyu a sama, zafinsa zai ƙone amfanin gona. Wata yarinya har kuka ta yi a aji. Na san abin da ke cikin manhaja, haɗewar haidurojin da jan ƙato da farin wada, amma da suka tambaye ni "yaushe?" da "za mu mutu?" sai na rasa ta cewa, ni ma tsoro ya fara kama ni. Mai bidiyon ya kuma ce a riƙa duba rana da hantsi ta cikin ruwa a baho ko da baƙin tabarau, wai za a ga alamar rana ta biyu tana tahowa. Wasu cikin yaran sun fara gwadawa. Don Allah a taimaka mini.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, ki kwantar da hankalinki, ki kwantar da na yaran. Betaljus ba zai taɓa ko ganyen dawa ɗaya a gonar kowa ba. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki yana ƙarshenta, kuma zan zo kansa.

Tunda kin san manhaja, ba sai na koma kan yadda ake haifar tauraro ba. Abin da littafin aji ba ya jaddadawa sosai shi ne, nauyin da tauraro ya zo da shi ne ke yanke masa komai, launinsa da tsawon ransa da irin mutuwar da zai yi. A jerin nan na O, B, A, F, G, K, M, wato rukunan taurari daga mafi zafin fuska zuwa mafi sanyi, da masaniyar taurari Annie Jump Cannon ta daidaita a Jami'ar Harvard, ranarmu 'yar rukunin G ce. Zafin fuskarta wajen digiri 5,500, na cibiyarta wajen miliyan 15, kuma kowace daƙiƙa tana haɗe tan miliyan 600 na haidurojin ya koma hiliyam, kusan tan miliyan 4 daga ciki ya zama haske da zafi. Shekara biliyan 4.6 tana haka, da sauran kamar biliyan 5 a gaba. Ita ba za ta fashe ba har abada, domin sai tauraro ya ninka ta nauyi kamar sau takwas kafin ya yi irin wannan mutuwa. Za ta kumbura ne ta zama jan ƙato, ta zubar da ɓawonta, ta bar cibiyarta, wato farin wada, mai girman duniyarmu yana hucewa a hankali.

Betaljus kuwa ya ninka rana nauyi sau 15 zuwa 20. Sai mutum ya ɗauka mai yawan guzuri zai fi daɗewa, amma nauyin nan yana matse cibiyarsa, wutar tana ci da gaggawa, har haskensa ya ninka na rana wajen sau dubu ɗari. Shi ya sa shekararsa ba ta fi miliyan 10 ba amma har ya tsufa. Ya gama da haidurojin na cibiya, ya kumbura yadda da za a ajiye shi a mazaunin rana da ya haɗiye duniyarmu da duniyar Mas. Jan da yake yi alamar sanyin fuska ce, wajen digiri 3,300. Yara kan ɗauka ja shi ne mafi zafi, to ki tuna musu ƙarfe a maƙera: ja yake fara yi, sai wuta ta ci shi sosai yake komawa fari. Idan hunturu ya shiga, ki ce su fita bayan isha'i su nemi taurari ukun nan da ke jere reras. A gefe ɗaya za su ga Betaljus ja, a ɗaya gefen Rijal fari mai shuɗi-shuɗi, wanda zafin fuskarsa ya kai wajen digiri 12,000. Sunayen biyu daga Larabci suke, hannun Jauza da ƙafar Jauza, sunan da Larabawa ke kiran wannan rukunin taurari. In suka bi layin ukun ta wani ɓangare za su tarar da Shi'ira wadda aka ambata a Suratun Najmi, ta ɗaya ɓangaren kuma Kaza da 'ya'yanta. Darasin rabe-raben taurari ke nan a sararin Allah, ba a biya ko sisi ba.

Batun "yaushe" kuwa, ga yadda yake. Bayan hiliyam, babban tauraro yana haɗe kabon, sannan niyon da oksijin da silikon, kowane mataki ya fi na baya gajarta, har na ƙarshen ya zama na kwanaki kaɗan kawai. Da cibiya ta zama baƙin ƙarfe, shi ke nan, domin haɗe ƙarfe ba ya fitar da kuzari, ci yake yi. Cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba cibiyar ke ruftawa, tauraron ya tarwatse. Daga waje ba a ganin matakin da cibiya take, sai dai a yi lissafi, kuma lissafin mafi yawan masana ya nuna Betaljus yana matakin hiliyam ne, fashewarsa tana cikin shekara dubu ɗari masu zuwa. Wasu 'yan kaɗan sun ce ta fi haka kusa. Babu masani ko ɗaya da ya ba da shekara, balle wata, balle rana. Jita-jitar ta samo asali ne daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020, lokacin da tauraron ya dushe sosai har ana gani da ido. Hotunan babban madubin hangen nesa da ke Cile sun nuna ƙura ce da shi kansa ya furzar ta tare masa fuska, kuma bayan 'yan watanni ya dawo yadda yake.

Ko da yau ya fashe, nisansa shekarar haske 550 zuwa 700 ne, wato tsawon shekarun da haskensa ke yi a hanya kafin ya iso mu. Hasken da yaranki za su gani bana ya baro shi tun wajen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ko ma kafin nan. Fashewar da za ta cutar da duniya sai ta kasance kusa ƙwarai, cikin shekarar haske hamsin ko makamancin haka. Abin da za a gani ɗigon haske ne mai ƙarfin rabin wata, a gan shi har da rana tsaka na wasu watanni, ya dushe. Rana kuwa ta ninka cikakken wata haske sau dubu 400, to ina maganar rana ta biyu? Mutane sun taɓa ganin irinsa daga taurarin da suka fi nisa: Ali ibn Ridwan ya rubuta wanda ya gani a Masar a 1006, masu duban sama na Sin sun rubuta na 1054 da aka yi kwana 23 ana ganinsa da rana.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Malama, gobe kafin ki buɗe kowane littafi, ki hana yaran nan kallon rana. Tauraron da ke iya makantar da su ba ya nisan shekara ɗari shida, haskensa minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi yake yi ya iso kansu, kuma shi ne wannan mai bidiyo ya tura su su zuba wa ido. Shekara da shekaru ina fama da wannan magana, a aji, a rediyo, a majalisa, amma kullum sai na haɗu da mai ce mini ai ta cikin ruwa ya kalla, ai tabarau ya sa, ai bai ji zafi ba.

"Ban ji zafi ba" ɗin nan ita ce masifar. Tantanin gani da ke can bayan ido ba shi da jijiyar jin ciwo. Ƙwayar ido tana tattara haske wuri ɗaya, kamar gilashin da yara ke ƙona takarda da shi, ta ɗora shi daidai tsakiyar tantanin, inda ake karatu da gane fuska da zura zare a allura. Ba sai wurin ya yi zafi ba ma, ƙarfin hasken kansa yana lalata ƙwayoyin gani. Mutum zai gama kallonsa ya tafi harkokinsa lafiya lau, sai bayan sa'o'i, wani lokaci washegari, ya ga tsakiyar duk abin da ya duba ya yi duhu ko ya karkace. Wasu suna samun sauƙi cikin watanni. Wasu tabon ya zauna musu ke nan, kuma babu tiyata ko ɗigon magani da ke mayar da ƙwayoyin da suka mutu.

Na gani da idona. Ranar 29 ga Maris 2006, da aka yi cikakken husufin rana wanda ya ratsa Gusau da Katsina, ina Katsina. Unguwa ta fito ƙwai da kwarkwata. Wasu sun ajiye baho da ruwa sun sunkuya a kai, wasu sun turara kwalbar fitilar ƙwai da hayaƙi har ta yi baƙi, wasu sun ɗauko tsohon hoton ƙirji na asibiti suna miƙa wa juna. Akwai wani saurayi tela a layinmu da ya haɗa tabarau biyu ya daɗe yana kallo tun rana tana rabi. Bayan kwana biyu na same shi a shago yana riƙe da allura, yana karkata kai gefe, yana neman ramin da gefen ido saboda tsakiyar ta ɗauke. Ya ce mini in ya dubi fuskata yana ganin kunnuwana da hulata, hancina ne babu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin magana ɗaya da an faɗa masa da safe da ta wadatar.

Ga lissafin, don ki ba su a allo. Matatar da aka yarda a kalli rana da ita, mai lambar ISO 12312-2, hasken da take bari ya wuce bai kai kashi ɗaya cikin dubu talatin ba. Baƙin tabarau na kasuwa yana barin wajen ɗaya cikin goma. Ruwan baho yana mayar da wajen ɗaya cikin hamsin idan rana tana sama, ya fi haka idan ta yi ƙasa. Ki dubi tazarar. Tabarau ma ya fi muni ta wata fuska, domin yana kawar da kashe idon da ke sa mutum ya kau da kai, sai ya daɗe yana kallo. Kwalba mai hayaƙi, hoton asibiti, faifan CD, ledar da aka ninka, duk sahu ɗaya suke. Gilashin walda sai mai lamba 14, kuma yawancin abin da masu waldarmu ke sawa bai kai nan ba. Madubin hangen nesa kuwa, wanda ya leƙa rana da shi ba matata a gabansa, kafin ya ƙifta an gama.

Abin takaici, yanzu har da masu kiran kansu masana lafiya da ke cewa a tsura wa rana ido da sassafe, wai tana wanke ido, tana raba mutum da tabarau, tana ƙara ƙarfin jiki. Ƙarya ce tsagwaronta. In idon ya lalace kuma su ne za su dawo da kwalabe, a ɗiga ruwan albasa, a ɗiga ruwan sukari, a ƙara ciwo a kan ciwo. Wanda ya ɗora irin wannan bidiyo don ya tara mabiya, ya sani idon 'yar mutane amana ce, kuma za a tambaye shi. Wanda ya tura wa rukunin danginsa bai bincika ba, shi ma da nasa kason. Hukumomin da ya kamata su yi magana su ma ba su kyauta ba. Husufi abu ne da ake sanin ranarsa da mintinsa shekaru da yawa kafin ya zo, amma sai ana gobe a fitar da sanarwa da Turanci, babu matata ko ɗaya da aka kai makaranta, babu wanda ya je gidan rediyo ya yi bayani da Hausa. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce, ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a. Bai ce a fita a zuba wa rana ido ana neman alamu ba.

In yaran suna son ganin rana, ki koya musu su ba ta baya. A huda kwali da tsinin allura, a bar hasken ya faɗa kan farar takarda a inuwa, hoton rana zai fito a kai. Lokacin husufi rariya ma tana yi, haka ɗigon hasken da ke ƙarƙashin darbejiya, kowanne sai ya koma kamar jinjirin wata. Za su buƙaci wannan, domin ranar 2 ga Agusta 2027 akwai cikakken husufi da zai bi ta Luksor a Masar da Jidda da Makka, mu nan ɓangare kawai za mu gani, wato babu daƙiƙar da za a iya kallonsa da ido tsirara. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma wani zai shigo ta Legas ya ratsa Najeriya zuwa Kamaru da Chadi.

Waɗanda suka riga suka gwada, ki kira su ɗaya bayan ɗaya ba tare da faɗa ba, don kada su ɓoye miki. Kowace ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta dubi layukan littafin rubutunta, sannan ta sauya ido. Wadda ta ga layi ya lanƙwashe, ko harafi ya ɓace a tsakiya, ko wani tabo yana bin duk inda ta duba, a sanar da iyayenta a ranar, a kai ta wurin likitan ido. Daga Funtuwa, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta yi nisa ba. Kafin a isa, kada a ɗiga mata komai.