Hukuncin hawa da gina jirgin lilo mai tsananin gudu

Tambaya: Malam, ina aiki a Riyad. Abokaina suna son mu je Ƙiddiya, wurin shaƙatawa da ke kusa da Riyad, mu hau jirgin lilon nan Falcons Flight, jirgin wasa mai gudu a kan layin ƙarfe, wanda aka ce ya fi kowanne gudu a duniya. Ya halatta in hau? Kuma kashe dukiya wajen gina irinsa ba ɓarna ba ce?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka yanki tikiti.

Asalin wasa halal ne. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da mashi a masallaci. Tsoro da faɗuwar gaba kaɗai ba sa haramta abu. Abin da malamai ke dubawa shi ne rinjayen zato: in akasarin masu hawa suna sauka lafiya, kuma injiniyoyi suna duba ƙarafa da maɗauri a kai a kai, hawan ya halatta. In kuwa cutarwa ta bayyana, hukunci ya juya, saboda faɗin Allah a Baƙara, aya ta 195, cewa kada mu jefa kanmu cikin halaka. A Japan an dakatar da wani jirgin lilo mai suna Do-Dodonpa a 2021 bayan an sami mahayan da suka karye a ƙashin wuya da na baya. Jirgi ne da a lokacin yake kai kilomita 180 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Hawa irin wannan bayan an san labarinsa haramun ne.

Sai ka dubi jikinka. Wanda kake magana a kai yana kai kilomita 250 a awa, yana gangarowa daga tsaunin Tuwaiƙ. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko na baya, da mace mai juna biyu, haramun ne su hau, haka wanda ya ɓoye ciwonsa ga ma'aikatan wurin. Kada a tilasta wa yaro ko mai tsoro don a yi masa dariya, domin an hana firgita Musulmi. Ka kiyaye lokacin salla, dogon layi ba uzuri ba ne, mata kuma su kula da sutura, iskar wurin tana yaye mayafi.

Ginin ne ya fi damuna. Gina wurin shaƙatawa da ke samar wa mutane aiki kasuwanci ne halal, ba na ja da wannan. Amma gina abu don kawai a ce "namu ya fi tsawo" yana tuna mini zargin Annabi Hudu ga Adawa a Suratush Shu'ara'i, aya ta 128, cewa suna gina alama a kan kowane tudu don wasa. Dubi jirgin lilon Kingda Ka na Amurka, mai tsawon mita 139: an buɗe shi a 2005 da kirarin babu kamarsa, a 2025 aka rushe shi. Idan ɗan kasuwa ne ya gina da kuɗinsa, ya tsare amincin rayuka, ina ganin ya halatta, gasar alfahari a ciki kuma makaruhi ce. Idan dukiyar al'umma ce, alhali asibiti da ruwan sha suna jira, to almubazzaranci ne, kuma za a tambayi mai iko a kansa.

Kai dai, in lafiyarka ƙalau, kuma kuɗin tikitin bai taɓa abin da kake aika wa iyali gida ba, babu laifi ka hau. Allah ne Mafi sani.