Tambaya da Amsa: Yara sun nace sai an zana musu tuta a fuska

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya iyali ya sanyi. Ni Maman Walid ce daga Garwa, dan Allah ki taimaka min da shawara. Yarana biyu za su fita defile, wato faretin bikin matasa, ranar 11 ga Fabrairu, babban shekararsa 8 ƙanwarsa 5, sun tasa ni gaba wai sai an zana musu tutar Kamaru a kumatu kamar yadda aka yi wa ƴan ajinsu bara. To a baran ɗan maƙwabciyata an shafa masa fentin da suke zane da shi a lekol, washegari fuskar ta yi jawur ta feso da ƙananan ƙuraje yana ta susa har kwana huɗu, shi ya sa nake tsoro. Mai gidana ya ce in sa musu kwalli da jan baki kawai a wuce wurin, ƙawata kuma ta ce in kai su wajen mai lalle ta zana da dayis ya fi daɗewa. Wanne zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Maman Walid, sanyi alhamdulillahi. Ki gaida min Baban Walid da ƙawar taki, amma ki yi haƙuri, duk su biyun ban goyi bayansu ba, kuma na ƙawar ma ya fi tayar min da hankali.

Dayis ɗin nan da ke fitowa baƙi wuluk cikin ƴan mintuna ba lalle ba ne zalla, yawanci ana haɗa shi da wani sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda a ƙasashen Turai doka ta yarda a sa shi a man rina gashi ne kawai, ba a yarda a zana shi a fata ba. Mugun halinsa shi ne ba lallai ya nuna a ranar ba, yaro zai sha defile ɗinsa lafiya lau ki ce ai ga shi ba komai, sai bayan sati ɗaya ko biyu wurin ya kumbura ya yi ruwa daidai siffar zanen, ki ga tauraro ya fito ɓaro-ɓaro a kumatu kamar ƙuna. Idan ya warke yakan bar tabo, a fatarmu kuma kin san yadda tabo yake daɗewa, sannan jikin da ya taɓa ƙin sinadarin ya ƙi shi ke nan har girma, ran da yarinyar ta zama budurwa ta rina gashi abin ya dawo mata sabo. Saboda fareti na rabin yini? A'a wallahi.

Kwalli kuma na san zan sha surutu, tunda kakanninmu da shi suka raine mu. Amma kwallin dutse mai walƙiyar nan sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan wata 6 a Boston, iyayensa ƴan Nijeriya, aka sami dalma a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka ga sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ba wai fata ce ke tsotse ta sosai ba, yaro ne zai murza fuska ya kai hannu baki, ya ci makala da hannun. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da an ga alama ba, kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa. Mu da muka ji abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin niƙan dutsen zinare a cikin gidaje, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Jan baki shi da sauƙi, in mai kyau ne kuma bai tsufa ba, don fata aka yi shi, sai dai ja kaɗai ba ya zama tuta, ina kore ina ɗorawa?

Abin da ya sami ɗan maƙwabciyarki kuwa ba abin mamaki ba ne. Fentin zane irin gwash da akirilik don takarda da allo aka yi su, ko da kin ga an rubuta "non toxique", wato mara guba, a jikin robar ba yana nufin a shafa a fata ya wuni ba. Haka maka ta rubutu, haka fentin gini. Lokacin kofin Afirka a Janairun 2022 da aka buga wasanni a filin Rumde Ajiya da ke Garwa, ranar da Nijeriya ta ci Masar 1 da nema, na ga samari a bakin hanya da gwangwani da buroshi ɗaya tak suna yi wa duk wanda ya miƙa fuska, babba da yaro, warin fentin ma kaɗai ya isa ya gaya miki na ƙofa ne.

Wanda za ki nema shi ne fentin da aka yi musamman don fuska, mai narkewa da ruwa, yana zuwa kamar ƙananan faifan hoda masu launi-launi, ki jiƙa buroshi ki goga. Ki fara tambaya a farmasi ko manyan shagunan kayan kwalliya, ki ce "maquillage enfant à l'eau". Ki juya bayan kwalin ki ga an jera abubuwan da ke ciki, da sunan kamfani da inda yake, da ɗan hoton kwalba a buɗe mai 12M ko 24M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi. In babu komai a jiki sai hoton yara suna dariya ki ajiye musu kayansu. Ki shinshina ma, in yana wari ko ya yi ruwa a sama ko ya sha rana a kan tebur ya tsattsage, ba naki ba ne. Kuma kar ki ɗauka duk na kanti tsarkakakke ne, a 2009 wata ƙungiya a Amurka ta gwada fentin fuskar yara kala 10 ta sami ɓurɓushin dalma a dukkansu, shi ya sa ko mai kyaun ne nake cewa a yi ɗan zane ƙarami a kumatu, nesa da ido da leɓe, ba a mulke fuska gaba ɗaya ba.

Ki siya da wuri, kar ki bari sai daren 10 ga wata. Kwana biyu kafin ranar ki ɗiga kowane launi a cikin hannun kowane yaro wajen lanƙwasar gwiwar hannu, ki bar shi, ki duba washegari da jibi. In ya yi ja ko yana ƙaiƙayi, shi ke nan, a siya masa ƙaramar tuta ya riƙe, ko a ɗaura masa ƙyalle mai launin tutar a hannu, kukan minti goma ne ya wuce. Ki tuna kuma Fabrairu hunturu bai gama tafiya ba, kumatun yara a bushe suke wasu har sun faffashe, to fatar da ta fashe ko mai ƙurji ko makero ba a sa mata komai. Ki dinga shafa musu man kaɗanya tun sati guda kafin nan. Buroshi da soso kowa da nasa ko a wanke tsakani, don da soso ɗaya ake raba wa aji guda apolo. Ƙyalƙyalin da ake manna wa kati shi ma a bar shi, in ya faɗa ido yana iya karce shi.

Da sun dawo, kafin a yi barci, ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a hankali ba da soson wanka ba. Inda ya ƙi fita ki sa basilin ko man zaitun a auduga ki goge. Dan Allah banda kananzir, banda tina ta sirka fenti, banda zuwa-zuwa wato fetur ɗin bakin hanya, na taɓa ganin uwa ta tsoma tsumma a kwalbar fetur tana dirzar goshin ɗanta yana ihu, ai gara fentin ya kwana. In ya shiga ido ki yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15. In kuwa kin ga leɓe ko ido ya kumbura ko numfashi yana yi masa wuya, kar ki tsaya jiƙa komai, asibiti kai tsaye, ki tafi da kwalin a jaka likita ya gani.

Af, tunda muna maganar, azumi in ya zo su Walid za su fita tashe. Toka da ruwa da suke damawa su yi gemun tsoho ita ma tana cin fata, kin dai san ruwan toka da shi ake sabulun gargajiya. Ki ajiye farin launin da ke cikin fentin fuskar nan, da ɗan auduga a yi gemun da shi.